Yadda Za Ka Ɗaura wa Kwale-kwale Injin Markaɗen Matarka

Kai masunci, kafaɗarka ta gaji da filafili? Matso kusa. Wannan dabara an gwada ta a Kogin Kaduna, kuma wanda ya gwada yana nan da ransa: Monday na Unguwar Boro, wanda masaƙa ta sallama a zamanin tsuke bakin aljihu na ostariti ya koma sana'ar su. Wata rana ya hango wani Baturen matatar mai yana kamun kifi da ɗan inji a bayan jirginsa, ya harɗe kamar a falo, shi ke nan Monday ya rasa sukuni. Bi sawunsa, na rantse kwale-kwalenka zai yi gudu. Inda zai nufa ne ban yi alkawari ba.

1. Nemo inji

Na kanti ba sa'anka ba ne, kada ka ɓata takalminka. Leƙa bayan ɗaki. Monday ya leƙa, ya ga injin markaɗen matarsa Deborah, wanda shi ke ciyar da gidan tun da aka sallame shi. Gaskiya ne jibi Zumuntar Mata na da babban taro, waken ƙosansu ma yana tsakar gida yana jiran wannan injin. To, sai me? Abin da ya iya da tattasai, ruwa ne zai gagare shi?

2. Yi zazzaɓi ranar Lahadi

"Baban Edith, yau fa ake baftisma, ba za ka je ba?" in ji Deborah.

Monday ya yi nishi daga cikin bargo. Tana fita ya warke sarai. Ya kwance injin, ya kife turmi a gurbinsa, ya lulluɓe da tabarma. Kai ma yi haka, daga nesa babu bambanci.

3. Samo farfela

Tura baro zuwa wurin mai walda, ya haɗa maka fukafukan tsohuwar fanka da dogon rodi. Tagwai mai walda ya dubi injin, ya dubi Monday.

"Oga Monday, madam ta sani kuwa?"

"Ita ma ta aiko ni."

Ka faɗi wannan kana kallon wani wuri.

4. Ɗaure tamau

Igiyar shanya da robar tayar keke sun wadatar. In ka ga rodin ya ɗan karkace hagu, rabu da shi, Bature ma ba da iyawa aka haife shi ba, sai da ya koya. Cika tanki fal da fetur, namiji ba ya rabin aiki.

5. Ja igiya

Kai, jama'a! Injin ya ɗauka da ƙara, kwale-kwale ya ɗaga hanci, duk tarwaɗar da ke yankin ta yi ƙaura. Daɗi ya kama Monday har ya ɗaga wa wata balbela hannu. Can ya lura wannan bishiyar ya wuce ta ɗazu. Saboda karkacewar nan, kewaye kawai yake yi, kogi kuma yana jan sa gangare. A nan ya tuna bai taɓa ganin yadda ake kashe injin ba, domin duk lokacin da Deborah ke markaɗe yana gindin mangwaro wajen dara.

6. Tambayi gwani

Kogi zai kai ka wurinsa da kansa. Shi dai Monday, kogin ya kai shi bakin yashin da ake baftisma. Matan zumunta suna ganinsa waƙa ta tsaya, masu kiɗan tulu suka saki baki. Kowane zagaye magana ɗaya yake ba shi dama.

"Maman Edith! Yaya ake kashe shi?"

"Kashe me? Sannu da zazzaɓi!"

Ya zagayo. "Injin!"

Deborah ta gyara ɗankwali a natse. "Wane inji? Ni nawa yana gida, lulluɓe da tabarma."

Ya sake zagayowa, kunya kamar ya nutse. "Turmi ne!"

"Me ka ce? Ƙara ta yi yawa!"

"TURMI NE!"

Fasto ya cire tabarau ya goge.

"To, cire hular filogi!" in ji ta. Ba ta ce da busasshen kara take cirewa ba, shi ma bai tambaya ba. Ya kai jiƙaƙƙen hannu, wuta ta fizge shi, sai ji aka yi tinjim! Kwale-kwale ya kife da shi da injin. Samari suka faɗa ruwa, Deborah na ihu: "Injin! Ku fara da injin, shi Baban Edith ya iya ruwa!"

7. Karɓi sakamako

Injin ya sha ruwa ya ƙoshi, bakanike ya ce sai an buɗe cikinsa. Ƙosan zumunta kuwa ba ya jiran bakanike. Washegari Deborah ta yaye tabarma, ta tayar da turmin nan, ta miƙa wa Monday taɓarya. Har la'asar yana kirɓa wake, mata na zaune suna ba shi waƙa. Yau in ka shiga Unguwar Boro kada ka ce Monday kake nema, ka ce Turmi Ne, yara za su kai ka har ƙofa.

Gargaɗi

Mai wannan bayani ba shi da kwale-kwale, ba shi da inji, matarsa kuma ta riga ta karanta ta sa wa nata kwaɗo. Duk wanda ya gwada ya ji a jikinsa, babu ruwana, ban san shi ba, kuma taɓaryar gidana ba ta aro ba ce.