Waƙar da Inna Kande Ta Bari

A Rafin Gawo an yi wani wawa, Cindo, shi da tsohuwarsa Inna Kande da awaki shida. 'Ya'ya bakwai ta haifa, ƙyanda ta kwashe shida cikin shekara biyu, ta bar mata wannan da ko yatsunsa bai iya ƙirgawa ba. Mutanen garin ba sa ambaton yaron da ya rasu, ita kuwa tsoronta kada ta mutu sunayen su bi ta. Sai ta raɗa wa awakin sunayen, ta yi wa Cindo waƙar ƙirga su:

Ɗaya Ladi, biyu Jatau,
Uku Delu, huɗu Barau,
Biyar Tani, shida Auta,
Kowa ya shigo, a ja ƙyaure.

Wata rana ta ce, "Kada ka rufe garke sai waƙa ta cika." Ashe kura ta ɗauke Delu. Gogan naka ya tsaya bakin ƙofa yana ta "uku Delu, uku Delu," sauran suka fice suka cinye waken maƙwabci tas. Da kaji biyu aka ba da haƙuri.

Wata rana zazzaɓi ya kwantar da ita, cikin magagi ta ce, "Kawo mini Tani in gan ta." Cindo ya jawo akuya har bakin gado. Ta shafa kanta, ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Wallahi abin tausayi. Ba ta kai Juma'a ba.

Wata rana, bayan sadakar arba'in ta cinye awakin, Cindo na tsaye a garken da ba kowa yana rera waƙarsa. Kawunsa Magaji ya kasa jurewa, ya ce, "Kai, fitar mana da waƙar nan daga gida."

Ya fita da ita kuwa, har dandali. Ya ce wa yara, "An ce in fitar. Ku karɓa."

Suka karɓa, suka mai da ita ta wasan ɓuya: ana rerawa ana taɓa yara ɗaya-ɗaya, wanda suna ya faɗa kansa sai ya ce na'am. Garuruwan kusa sun sauya mata amshi, wasu sun ƙara baiti, sunayen dai ba a taɓa ba. Yau ba mai iya nuna maka kabarin Inna Kande, amma kowace la'asar sai an kira 'ya'yanta shida a dandali, kuma sai sun amsa.