Usur Ɗina da Ƙwallon Anas

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na cinye wa ɗana ƙwallo da bakina ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu Hindawiyya, a nan Makka, ba za su bar ni ba.

A tashar Kudai nake aiki, cikin masu tsara motocin alhazai. Usur ne kayan aikina. Busa ɗaya doguwa, direba ya tsaya. Gajeru uku, fit-fit-fit, hanya ta buɗe, ya taho. Na daɗe ina wannan aiki har bakina ya daina neman shawarata, da idona ya ga hanya a buɗe sai dai kawai in ji ƙara. (Matata Ummu Anas ta rantse na taɓa busa wa baƙinta a ƙofar falo. Ban musa ba.)

Ɗana Anas yana kwaleji, yana cikin ƙungiyarsu ta ƙwallo. Ni ko ƙofar ajin kwaleji ban taɓa takawa ba, amma a duk Makka babu mai son ƙungiyar nan kamar ni. Na san wanda gwiwarsa ke ciwo, na san wanda ke cika cikinsa da shinkafa kafin wasa, na san koci ya fi yarda da ƙafar hagu. Duk shekara in tsaya a wurin mai shayin layinmu in ce, "Bana kofi namu ne." Duk shekara a koro mu tun da wuri. Abin da ya fi ci mini rai kuma, shekara biyu Anas yana ƙungiyar, amma wasansa a benci yake ƙarewa.

Abokina Idi mai tasi ba ya raga mini. "Abu Anas," in ji shi, "ɗan nan naka ya ƙware a zama, wallahi. A ba shi shahada, takardar ƙwarewa, kawai ya huta."

To bana sai ga mu a wasan ƙarshe na gasar kwalejoji. Na bi layi gida-gida ina gayyata kamar bikin aure. Da safen ranar Anas ya tare ni a ƙofa, da Hausarsa ta 'ya'yan Makka. "Abuya, don Allah, yau ka zauna shiru, bas. Shabab, samarin ƙungiya, suna dariya." Na dafa ƙirji na yi masa alkawari. Allah ya sani da gaske nake.

Kuskurena ɗaya, daga Kudai na wuce filin kai tsaye. Na yi la'asar a hanya, na canza riga a motar Idi, amma usur yana nan rataye a wuyana a ƙarƙashin jallabiya.

Wasa ya yi zafi. Suka ci mu, muka rama, aka tsaya ɗaya da ɗaya. Ina zaune na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya, ina cika alkawari da ƙyar. Saura kamar minti goma, ɗan gabanmu ya dafe ƙafa ya zauna. Koci ya waiwaya benci, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya nuna Anas. Na damƙi hannun Idi har ya ce, "Ya shekh, da shi nake tuƙi!"

Bai yi minti uku a fili ba aka zuro masa ƙwallo ta tsakiya. 'Yan bayansu biyu suka rabu, ɗaya nan ɗaya can. Jama'a, hanya ta buɗe. Tas, tun daga ƙafar Anas har bakin raga, irin buɗewar da nake roƙo a Kudai ranar cunkoso. Ban san lokacin da hannuna ya shiga wuyan riga ba.

Fit! Fit! Fit!

Kowa a filin ya tsaya cak. 'Yan bayansu suka tsaya, golansu ya sauke hannu, duk sun ɗauka alƙalin wasa ne. Mutum ɗaya ne bai tsaya ba. Anas ya wuce abinsa, ya zuba ta a raga, ya juyo da gudu hannuwa a sama. Ƙwallonsa ta farko ke nan a rigar kwaleji.

Alƙali ya kalli usur ɗin da ke hannunsa kamar yana tuhumarsa. Sannan ya kaɗa hannu: babu ci, busa daga waje ta tsayar da wasa. Ya juyo wajen 'yan kallo, 'yan wasa suka juyo, duk layinmu da na gayyato da bakina suka juyo. Ni kuwa ina tsaye, hannu ɗaya a sama ina yi wa ɗana alamar taho-taho, usur a bakina har yanzu. Na yi ƙoƙarin tofar da shi, sai ya tsaya yana lilo a ƙirjina, kowa na gani.

Idi ya matsa kujera biyu. "Wallahi fasinja ne," ya ce wa na kusa da shi. "A hanya na ɗauko shi."

Mai gadi ya zo da ladabi, ladabin da ya fi mari ciwo. "Tafaddal, ya ammi," in ji shi, wato bismillah, baffa. Ya karɓi usur ɗin, ya sa ni a gaba. Sai da muka bi ta gefen fili kaf, ta gaban benci, ta gaban Anas. Kallona kawai ya yi, ya sunkuyar da kai, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na zauna a bakin titi wajen ƙofa, tsakanin motoci. A nan na daina roƙon kofi. Shekaru ina cewa kofi, kofi, amma a ranar cewa na yi, "Ya Allah, kada yaron nan ya zama wanda ubansa ya kayar da kwaleji." Na ji tsoron zai ajiye takalmansa, ya daina ƙwallo, ya daina kallon idona.

Sai ihu ya tashi a ciki, irin wanda ake ji a ƙafa. Ban san na wa ba ne. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa. Mai gadin ya leƙa, ya juyo yana dariya.

"Ɗanka lamba nawa, ya ammi?"

"Sha bakwai."

"Mabruk. Da ka ya sa ta. Wannan karon ba da taimakonka ba."

Na yi tsalle har takalmina ɗaya ya tafi ƙarƙashin wata mota. Hannuna ya tafi wuya da kansa, ya tarar babu komai. (Allah ya saka wa mai gadin nan da alheri. Da na sake busawa.)

Biyu da ɗaya aka tashi. Yaran suka fito da kofi suna tsalle, suka gan ni da takalmi ɗaya, sai suka ɗaga ni sama har da waƙa. Idi ya ɓullo yana gaya wa kowa tare muka taso. Koci ya tambayi Anas yadda aka yi shi kaɗai bai tsaya ba.

"Ustaz, gajeru uku ne," in ji Anas. "A gidanmu, taho ke nan." Sannan ya ɗora mini kofin a hannu. "Abuya, biyu na ci yau. Ɗaya ta kwaleji, ɗaya kai ka cinye."

Na rungume kofin na yi kuka a bakin titi, ban ji kunyar wannan ba.

Yanzu sunana a layi Alƙali. Na yarda, na amsa. Abin da na koya shi ne, ba kowace hanya ce in ta buɗe take jiran izinina ba, yaron ya iya ganin tasa. Amma Ummu Anas ba ta yarda da karatun da na ce na yi ba. Duk ranar wasa a ƙofa take tare ni, ta miƙo hannu, in tuɓe usur in ba ta, sannan in fita.