Nomau da Motar da Ba Ta Wuce Kuka

A garinmu Gidan Marke akwai wani bawan Allah ana ce masa Nomau. Gidansu mutum huɗu ne: shi, da matarsa Tasalla, da mahaifiyarsa Inna, da yayansa Shu'aibu. Cikon ta biyar ɗin mota ce, tsohuwa tukuf mai kafireto, wadda marigayi babansu ya shekara talatin yana jigilar 'yan kasuwa da ita. Nomau ba ya ƙarya, ba ya musu. Aibinsa ɗaya: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. A haka ya koyi tuƙi, don baban ya san halin kayansa, komai sai ya faɗa masa har ƙarshe. Da baban ya rasu, sai aka rasa mai ƙarasa masa magana.

Wata rana hadari ya haɗo, Tasalla ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, damina fa ta kama. Duk wata kafa da ruwa zai shiga motar nan ka toshe ta." Nomau ya ce to. Ya jiƙa ƙaro, ya yayyaga tsohon zani, ya bi mota kafa-kafa. Ya toshe hujin rufi, ya toshe na ƙasa inda fasinja ke hango kwalta. Har wata 'yar ƙofa kamar ta allura da ya gani a murfin tankin mai, ita ma ya liƙe ta da ƙaro. Daga ƙarshe ya cusa tsumma a bakin salansa. Da gari ya waye mota ta ƙi tashi, majiya ƙarfin unguwa suka yi ta turi har aka kusa kai ta bakin rafi. Can Shu'aibu ya hango jelar zani tana reto a baya, ya fizge, mota ta yi tari ta tashi.

"Wa ya aike ka?"

"Ai ita ma kafa ce, Yaya."

Aka sha dariya aka watse, ba wanda ya tambaye shi ko akwai sauran abin da ya toshe.

Tun daga ranar mota ta tsiro da sabon hali. A cikin gari lafiya lau, kamar amarya. Amma da an hau kwalta an sa giya ta huɗu, ana isa wata kuka da ke bayan gada, sai ta fara shaƙewa. Ka taka totur har ƙasa, ita kuwa tana ja da baya kamar jakin da ya hango rijiya, har ta mutu. In ta huta, ta tashi. Da abin ya ishi Shu'aibu sai ya ce, "Ran Asabar ta sama za a kai Inna Funtuwa sunan jikarta. In motar nan ta tsaya da tsohuwa a hanya, wallahi 'yan gwangwan zan kira su auna ta a sikeli." Nomau dai ya je ya zauna a kujerar direba, inda har yau shatin zaman babansu yake.

Wata rana ya kai ta garejin Ilu bakanike. Ilu ya ɗaga bonet, ya kasa kunne, inji yana ta kiɗinsa ba ko gargada. Ya ce, "Ka ga, ciwon nan sai tana gudu yake fitowa. Ka kawo min ita lokacin da take yi." Nomau ya ce to. Ya fita bayan gari ya juyo, ya ba ta wuta, ya nufo gareji bai taɓa birki ba. Masu zaman benci suka tarwatse, mai shayi ya tsallake tukunyarsa, Ilu da tumbinsa ya haye tulin tayoyi. Wata tsohuwar katifa da aka jingine a bango ce ta tare ta. Nomau ya leƙo ta taga.

"Oga Ilu, na kawo ta a guje, amma yau ba ta yi ba. In koma in ƙaro gudu?"

"Kashe ta, don girman iyayenka."

Ilu ya canza fulogi, ya canza matatar mai, ya tsotsi tiyo ya tofar har sau uku. Washegari mota ta je kuka ta tsaya.

Wata rana Ilu ya kwance kafireto ɗungurungum ya zuba masa a roba. Ya ce, "Datti ne. Yau aiki ya yi min yawa, je ka wanke shi tas, ka shanya ya bushe." Ko ɗan koyo ya san da fetur ake wannan wanki, amma Ilu bai ambaci fetur ba. Nomau ya jawo ruwan rijiya, ya ari soso da sabulun Tasalla, ya dirje kowane ƙarfe har yana ƙyalli, ya baza su a tabarma kusa da shanyar kuɓewa. Cikinsu akwai wani ɗan mitsitsin ƙarfe ja, wanda ta cikinsa mai ke bi. Dakwalwar Tasalla ta zo ta dube shi da ido ɗaya, ta ga ya yi kama da dawa, ta haɗiye. Ranar dai an ci dambun kaza ba salla ba biki, kuma a ƙundu aka samo ƙarfen. Tasalla tana ci tana harara.

"Kaza mai ƙwai goma sha biyu, Malam."

"Ai ba ta yi asara ba, ta ƙara masa wanki."

Aka mayar da kafireto. Mota ta je kuka ta tsaya.

Wata rana majalisarmu ta ƙofar masallaci ta ɗauki maganar. Mu kuwa a garinmu ba a rasa masani. Wanda bai taɓa mallakar ko keke ba ya ce famfon mai ne. Wani ya ce wutar ce ba ta kai. Sai dattijonmu ya gyara zama ya ce, "Ku yara ne. Me ya sa kullum sai a kuka? Masu wurin ne ba a gaishe su." Duk muka ce lallai, ai shi ke nan. Aka ce wa Nomau in ya isa ya yi sallama. Ya isa, mota ta mutu, ya fito ya tsaya gaban kuka ya yi sallama. To, a tarbiyyarsa ba a wuce sallama sai an amsa. Tun hantsi yake tsaye har inuwa ta juya. Wani mai kiwo da ke bayan kukar ya gaji da ji, ya ce wa alaikumus salam. Nomau ya koma ya murza makulli, mota ta tashi, don ta huta. Muka kwana uku muna yabon basirarmu, ba mu so a tuna mana cewa ta sake mutuwa a gaba kaɗan ba.

Ran Asabar Inna ta shiga gaba da ƙullin kayan barka a cinya. Shu'aibu ya zauna a baya, lambar ɗan gwangwan tana cikin wayarsa. Ilu ma ya biyo su da jakar sifana, don kunya ta hana shi zama. A bakin gari suka tsaya wurin ɗan bumburutu. Shu'aibu ya ce, "Buɗe tanki. Murfin nan kuma ka riƙe shi a hannunka, kada ka ajiye, na san halinka." Nomau ya ce to. Aka zuba galan biyu, Shu'aibu yana can yana ciniki, kowa ya koma mazauninsa.

Suka hau kwalta. Giya ta uku, giya ta huɗu. Da aka hango gada Ilu ya fara zuge jaka, Shu'aibu ya ciro waya. Kuka ta matso, Nomau ya yi mata sallama ta taga, ta wuce ta baya. Mota kuwa sai ƙara wuta take yi, har ta wuce wata bas mai sabon fenti. Inna ta dafe ɗankwali ta ce, "Kai Nomau, suna za mu, ba lahira ba." Ba su tsaya ba sai ƙofar gidan suna.

Da suka fito, Shu'aibu ya ji warin fetur, ya ga gefen mota ya jiƙe, bakin tanki a wangale.

"Ina murfin?"

Nomau ya buɗe tafin hagunsa. Murfi har ya yi masa shati. "Ka ce kada in ajiye, Yaya."

Shu'aibu ya buɗe baki zai fara, Ilu ya ce dakata. Ya karɓi murfin yana juyawa, ya ari allurar da ke maƙale a gefen mayafin Inna, ya soka a tsakiya. Busasshen ƙaro ya faɗo. Ilu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ta nan tanki yake shan iska. In an toshe, tana gudu tana zuƙar mai, iska ba ta maye gurbi, sai man ya ƙi zuwa. Daga gari zuwa kuka, iyakar numfashinta ke nan."

Inna ta ce, "Yo wannan ai ko mai shayi ya sani. Gwangwanin madara in ba a huda shi biyu ba, ya zuba?"

Ilu, mai shekara ashirin da sifana, ya sunkuyar da kai. Shu'aibu ya mayar da waya aljihu, ya shafa bonet kamar yadda babansu yake yi, ya ce, "Mayar da murfin. Ka murɗa shi. Ka sake shi. Sannan ka shigo mu ci abinci." A ranar Shu'aibu ya koyi ƙarasa magana.

Motar tana nan har gobe, kuma har gobe in Nomau ya zo kuka sai ya yi mata sallama. Mu 'yan majalisa ba ma yi masa dariya da ƙarfi, don kowa ya san wa ya aike shi.