Akori-kurata Tana Tajaye, In Ji Rajista

Shekaranjiya da hantsi, a cikin wani buro, wato ofishin hukuma, mai sanyi kamar gindin randa a nan Birnin Konni, aka dube ni ido cikin ido aka ce motata tana Tajaye. Ni kuwa ina zaune kusa da taga, ina hangen ta ƙarƙashin bishiya inda na ajiye ta, har wata akuya tana susar jikinta da tayar baya. Na murza ido na sake dubawa. Shekara saba'in da ɗaya gare ni, gwiwa ta fara yi mini gardama, amma ido bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Bari in koma baya, don kada ku ce tsufa ya fara taɓa Halilu.

Albasa nake nomawa a wani ƙauye bayan Dogarawa. Bana Allah ya sa albarka, na cika rudu biyu, wato bukkokin da muke adana ta. Manyan motocin masu saye ba su shiga ƙauyenmu, sai ka kai musu bakin kwalta a Galmi. Masu motar haya kuwa, tun da layin mai ya fara kaiwa bayan gari, in ka tambaye su kuɗin buhu sai ka nemi wurin zama. Na yi shawara da zuciyata, na sayar da shanun huɗana biyu da amalanke, na tafi gwanjon da wani buro ya buɗe don rabuwa da motocinsa da suka gaji. Ba zan faɗi sunan buron ba. Ina da jikoki.

Wadda ƙarfina ya kai gare ta wata akori-kura ce, da alama fara ce a zamanin ƙuruciyarta. Taya uku gare ta, ta huɗun bulo ne. Kaza ta yi kwanci a kujerar direba, mai gadi kuma yana shanya tattasai a bayanta.

Mai gwanjo ya ce, "Baba, injin lafiya lau. Barci kawai take."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Shekara huɗu."

Na biya, ya ba ni rasit da hatimi ja, aka ja mini ita da igiya har garejin Badaru mai walda a Malbaza. Da na koma gida na ba matata Mairo labari, ta ajiye muciya ta ce, "Malam, shanu biyu masu numfashi ka ba da, ka karɓo gawa?" Na ce mata sha'anin ƙarfe ba na mata ba ne. Ta ce ai ba a kan ƙarfe take magana ba, a kan hankali take.

Badaru ya zagaya motar sau uku yana taɓe baki. Ya ce, "Kawu, in don gaskiya ne, wagga sai dai a auna ta a kilo."

Na ce, "Kai, ubanka da hannuna na koya masa ɗaure kaya a mota can bakin teku, lokacin da nake tuƙi a cin rani. Ka gyara, ka bar wa'azi."

Ya gyara kuwa, gyaran mai ƙaramin ƙarfi. Tankin mai ya huje kamar rariya, sai ya ɗaure jarka bayan kujera ya zura tiyo. Ya ciro sifirin daga wata matacciyar babbar mota ya ƙara mata, don ta ɗauki buhu ba tare da ta durƙusa ba. Ƙahon da ya samo na babur ne, in ka danna sai ka ce ɗan akuya ya ɓata. Ƙofar fasinja da igiyar guga muke rufe ta. Kujera na kai wa dukawa suka lulluɓe da fatar awaki biyu, ɗaya ja ɗaya baƙa. Abin tayarwa bai samu ba, ya ce in riƙa ajiye ta a gangare, in babu gangare in riƙa zama lafiya da maƙwabta.

Saura ƙarfen da za a ɗaga bayanta don kaya su hau sama. Sabon ƙarfe ya fi ƙarfina. Na tuna da tsohon gadon ƙarfen da aka kawo Mairo da shi, yana jingine bayan rumbu tun da muka koma katifa. Kwana biyu ina lallashi. Ta yarda bisa sharaɗi guda: kujerar gaba tata ce har abada, ko liman ne ya roƙi a rage masa hanya, baya zai hau. Shi ya sa in kun ga akori-kura mai furannin ƙarfe a gefe kamar ɗakin amarya, ku yi sallama, ni ne.

Fenti shuɗi ya ƙare a rabin hanya, muka cike da kore. Badaru ya so ya rubuta habaici ga maƙiya a bayanta, irin na yaran tasha. Na ce ba ni da maƙiyi sai ƙwarin albasa, kuma su ba su karatu. Ya rubuta sunana kawai.

Ranar da ta tashi, duk ƙauye ya fito turi. Na ɗora buhu ashirin, Mairo a gaba ta sha sabon kallabi. Muna hawa kwalta muka tarar da shinge. Mai hula, jami'in da ke tsaron shingen, ya karɓi rasit ɗina ya juya shi gaba da baya.

Ya ce, "Baba, wanga ya nuna ka biya. Bai nuna taka ce ba."

Na ce, "To mi na biya?"

Ya ce in je buron da ya sayar mini su maida takardar mota da sunana. Kafin nan, in ta sake taka kwalta da kaya zai riƙe ta. Muka juya, muka sauke buhu ashirin. Mairo ta cire sabon kallabin ta ninke shi a gabana.

Ku da ba ku noma albasa, ku sani ba ta jiran kowa. Bazara ta ƙure, hadari ya fara haɗuwa gabas. In laima ta shiga rudu, kwana kaɗan sai wari. Shanu sun tafi, amalanke ya tafi. In albasar nan ta ruɓe, noman shekara da guzurin damina sun bi su.

Shi ya sa na bi hanyar daji da motar, ba kaya, na zo Konni tare da maƙwabcina Chindo, wanda ya fi ni jin Faransanci don ya yi aji uku a lakwal. Ranar farko aka ce shugaban buron, Mai Girma Uban Hatimi, yana taro. Rana ta biyu aka ce yana hutawa daga taron. Rana ta uku, Allah ya ja zamaninsa, ya gan mu. Ya jawo wata ƙatuwar rajista, ya lashi yatsa, ya bi lambar motar, sannan ya faɗi maganar da na buɗe muku da ita.

"Baba, ba a canza takardar motar da ke bakin aiki. Wagga mota tana misiyo, wato tafiyar aiki, a Tajaye tun ranar Litinin."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga ta can. Ɗan leƙa taga."

Ya ce, "Ni da rajista nake aiki, ba da taga ba."

Ya karanto mana tarihinta, Chindo yana fassara. Jama'a, ashe gwarzuwa na saya ban sani ba. A shekara huɗun da kaza ke kwanci a cikinta, ba ta taɓa fashin mako ba. Kowace Litinin ana cika tankinta, tankin nan da Badaru ya zura hannu ta ƙasansa. A watan azumi an sa mata sababbin tayoyi huɗu. Ranar da muke yanka gadon Mairo, tana kan hanyar Illela da tawaga. Ni kuwa kwalba-kwalba nake saya mata mai a bakin titi, ina jin tausayinta, ashe a ƙoshe take. Wallahi da ana raba lambar yabo da gaskiya, babu ma'aikacin da zai riga ta.

Chindo ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗiyata tana aure Tajaye. Aikin mi motar take yi can?"

"Duba rijiyar burtsatse."

"Wadda aka yi musu alkawari? Ai ba a haƙa ta ba."

Mai Girma ya gyara tabarau ya ce, "Shi ya sa ake yawan dubawa."

Nan raina ya ɓaci. Na miƙe, gwiwa ta yi ƙara, na ce, "Ɗana, saurara. Ɗayan biyu ne. Ko ni ɓarawo ne na sace motarku, ko akwai ɓarawon da ke yawo da tawa a Tajaye. Za ni wurin masu bincike yanzu da rasit ɗin nan mai hatiminka, su faɗa mini wanne ne. In ni ne su rufe ni, ko ba komai in huta da kallon hadari."

Ban taɓa ganin mutum mai tumbi ya kai ƙofa da sauri haka ba. Ya tura ta, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Nan take na zama Alhaji, ni da ko hanyar Makka ban sani ba.

Ya sassauta murya ya ce, "Alhaji, mu yi maganar manya. In aka maida ta sunanka, sai an kashe ta a rajista. Mai sa hannun yana babban birni, kuma ba zai ji daɗi ba. Gida huɗu ke shan inuwar wagga mota. Kai mi kake so, takarda ko kai albasa?"

Na ce, "Duka."

Ya ce, "Duka sai bayan damina."

Ya jawo wata takarda ya buga mata hatimi har biyu. Takardar misiyo ce. Ta ce motar hukuma mai lamba kaza tana bakin aiki tsakanin Dogarawa da Galmi, kada kowa ya tsayar da ita. Chindo ya kai ƙasa sai ya fara tari.

"Halilu, an rubuta sunan direba. Junaidu. Shekara talatin da biyu."

Na ce, "Wane ne Junaidu?"

Mai Girma ya ce, "Direbanta. Tun da na zo buron nan ban taɓa ganin shi ba, amma ba a taɓa kawo ƙararshi ba."

Kun san ni a wannan fili. Na zagi masu rage mudu, na zagi masu haɗa ruɓaɓɓiyar albasa a tsakiyar buhu. Na so in yaga takardar in watsa masa. Hannuna har ya ɗaga. Sai aka yi tsawa can gabas, iska ta turo ƙanshin ƙasa ta taga. Na ninke ta huɗu na sa a aljihu. Ban ce na yi daidai ba. Na faɗa muku abin da na yi ne, kuma na nemi gafara tun a bakin ƙofa.

Jiya da sassafe na ɗora kaya. A shinge, mai hulan nan dai da ya kore ni ya karɓi takarda. Ya dubi hatimi, ya dubi furfurata, ya dubi furannin gado, ya dubi sunana da Badaru ya rubuta da manyan baƙaƙe. Sai ya ƙame ya sara mini.

Ya ce, "Malam Junaidu, aikin hukuma ya tsufar da kai."

Na ce, "Ƙwarai. Ba hutu."

Sawu shida na yi. Ana sauke buhun ƙarshe a Galmi aka fara yayyafi. Albasa ta tsira, alhamdu lillahi. Motar da na ba da shanu biyu a kanta kuwa, yanzu ni mai tuƙa wa wasu ne, kuma takardar wata uku ce, sai in koma in yi gaisuwa a sabunta.

Abin da ya fi ci mini rai a gida yake. Shekara arba'in da shida muna tare da Mairo, ba ta taɓa kama sunana ba. Malam take cewa, kamar yadda kowace macce mai kunya take yi a ƙasarmu. Chindo, Allah ya shirye shi, ya riga ni isa gida da labari. Ina shiga zaure na ji ta daga madafa, da muryar da ta kai gida uku:

"Junaidu! Ka dawo? Zo ka ɗauke mini wanga turmi!"

Na ce, "Ke, Mairo, mi ke nan?"

Ta ce, "Sunan mijina ne ba ni faɗi. Kai kuwa yaro ne ɗan talatin da biyu, direban hukuma. Yi sauri."

Na ɗauke turmin. In akwai mai karatu da ya san inda Junaidu na gaskiya yake, ya gaya masa ya zo ya karɓi aikinsa. Tun jiya an aike shi ɗebo ruwa sau biyu, kuma gwiwarsa ba ta da lafiya.