Sunan Baba Barewa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zaɓo cinyar kaza da hannuna na ajiye a gaban lauyan da ya zo karɓe sunan mijina, har na ce a ƙara masa shinkafa.

Mijina Bitrus makanikin keken ɗinki ne a kasuwar Kafanchan. Yawancin kekunan da teloli ke kawo masa na wani kamfani ne mai suna Barewa, shi ya sa tun yana saurayi aka laƙaba masa Baba Barewa. Haka Fasto ke kiransa, haka ni ma. Da ya rasu, danginsa suka fara zancen a ba da hayar shagon. Na ƙi. Masu aikinsa suna nan, kayan gyara suna nan, kuma sunan bai mutu ba.

A zumuntar mata ta cocinmu aka koya mana buɗe shafin intanet (ban ma gama darasin ba, amma na fito ina jin kamar ni na ƙirƙiro abin). Na sayi adireshin shafi, na sa masa Barewa Kafanchan. Na ɗauki hoton tambarin kamfanin daga jikin wani tsohon keke, na ɗora a sama. Ƙanin mijina, Malam Ishaya, wanda ke koyarwa a Zonkwa, ya duba ya ce, "Matarmu, sunan nan fa yana da masu shi." Na ce masa mai shi yana kwance a kabarinsa a Fadan Kagoma. Ya bar zancen. Na ɗauka na ƙure shi, ashe tausayin gwauruwa ya ji.

Ba a jima ba mutane suka fara kira daga Jos da Kaduna. Wata ta zage ni tas saboda sabon keken da ta saya a wani wuri ya lalace, wai ai mu ne kamfanin. Maimakon in tsorata, sai na ji daɗi. Mun yi suna ke nan.

Ana shirin sujadar godiya ta cikar shekara da rasuwarsa, wani mutum ya kira ni. Ya ce shi Barista ne daga kamfanin Barewa, yana so mu gana a kan shafin. Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce ya zo ranar Asabar, ranar sujadar, zai same mu gaba ɗaya. Na ajiye waya na shaida wa duk mai kunne cewa kamfani zai aiko wakili ya karrama Baba. Bokitai da kalandun da za a raba wa baƙi kuwa, kowanne na sa an buga masa adireshin shafin a ƙarƙashin hoton marigayi.

Ya zo cikin baƙar kwat, ya ga rumfuna da mata cikin anko, ya tsaya turus. Na ja shi zuwa babban tebur, na tashi wani dattijon ikilisiya na ba shi kujerar. Ya sunkuyo ya ce, "Mama, da mun yi maganar a gefe." Na ce ba ma ɓoye alheri a gidan nan. Ni na sa mai gabatarwa ya miƙa masa makirufo.

Bawan Allah ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya yi ta'aziyya, ya nemi zama. Ni ce na miƙe na ce ya faɗa wa jama'a saƙon kamfani, kada ya ji nauyi.

Ya faɗa. Ya ce sunan Barewa da tambarinsa suna da rajista. Wai ina iya rubuta cewa muna gyara kekunansu, wannan ba laifi, amma sa sunan a adireshin shafi yana sa mutane su ɗauka kamfanin ne. Ko in miƙa adireshin, ko a tafi kotu. Wani ya tambaya daga baya ko dai sun san marigayin. Barista ya dubi kalandar da ke gabansa, ya ce yau ya fara ganin fuskarsa.

Wannan ce ta fi yi mini ciwo. Mutum ya ƙarar da idanunsa a cikin kekunansu, ko labarinsa ba su taɓa ji ba. Ni kuma na tara gari guda don su ji haka daga bakin lauya. Malam Ishaya ya tashi ya tayar da waƙa, mata suka karɓa. Baƙi suka watse, kowa riƙe da bokitinsa.

Na miƙa adireshin. Sabon shafin yana ɗauke da sunansa na baftisma, kuma ba mai nemansa, don ba wanda ya san wani Bitrus. Shagon dai yana buɗe. Teloli na zuwa suna tambayar shagon Baba Barewa, kamfani bai aiko musu lauya ba tukuna.

Abin da na koya bai da yawa. Sunan da gari ya ba ka, a baki yake naka, a intanet sai ka tambayi mai rajista. Kuma yanzu in baƙo ya ce mu koma gefe, ina bin sa, kazar ta jira.