Mol Ɗaya na Gishiri a Wandon Jarirai

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na auna gishiri a gaban sufeto ba. Shekarata ta farko ke nan ina koyar da kimiyya a wata makaranta wajen Barmou, ɗan kwantiragi, riga biyu gare ni sai girman kai buhu guda. Aka ce sufeto zai zo daga Tawa ya ga darasina. In ya gamsu, a sabunta mini kwantiragi. In bai gamsu ba, in koma gida ban ruwan albasa.

Darasin na mol ne. (Ga waɗanda suka yi barci a aji: mol shi ne mudun masu kimiyya. Mol ɗaya na gishirin miya giram hamsin da takwas da rabi ne.) A allo na iya shi sarai. Amma ni uban iyayi, na ce sai yara sun ga mol da idonsu.

Makarantar kuwa ba ta da ma'auni, ajina ma rumfar zana ce. Sai na garzaya asibitin gari wurin yayata, ungozoma.

"Yaya, ki ara mani sikeli."

"Na jarirai ɗai gare mu. Mi za ka yi da shi?"

"Kimiyya," in ji ni, ina gyara wuyan riga.

Kun san irinsa ai: mai fuskar agogo, da ƙugiya, da ɗan wandon da ake zura jariri a ciki yana reto yana tsala ihu. Har wandon ta haɗo mini, tana ta dariyar da ban gane dalilinta ba.

Ranar zuwan sufeto na rataye shi a itacen tsakiyar rumfa. Sufeto ya zauna a baya cikin farar shadda, fuska ba annuri. Na yi lissafi a allo, na juya giram zuwa mol, na dawo da mol zuwa giram, har ya gyaɗa kai. Wallahi da na tsaya nan da na tsira da mutuncina!

Ina! Na ɗebi gishiri na zuba a wandon. Rabinsa ya zurare ta ƙafafu. (Wando dai wando ne.) Na ƙulle ƙafafun, na sake zubawa. Allurar sikeli ko gezau. Abin da aka yi don ɗan mutum mai kilo goma, ina ruwansa da 'yan giram hamsin? Na juye gishirin duka, ta ɗan motsa kamar mai jin kunya.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu, ta kira ni da Faransanci yadda suke kiran malami. "Mushe, ko mol ɗin bai ci abinci ba?"

Aji ya ɗauki dariya. Sufeto ya yi gyaran murya. "Malam, anya ma'aunin ga na aiki?"

"Yana aiki, ranka ya daɗe! Duba ka gani."

Na kama ƙugiyar da hannu biyu, na naɗe ƙafafuna, na yi lilo. Allura ta zagaya fuuu, ta nuna lafiyarta ƙalau. Itacen ne ya ce ƙaras! Rumfa ta sauko mana gaba ɗaya.

Alhamdu lillahi ba wanda ya ji rauni. Yara suka rarrafo waje suna shewa. Ni ina ƙasa, wandon jarirai a kaina, baki cike da gishiri, ina roƙon Allah Ya sa ƙasa ta tsage in shige. Sufeto ya fito ƙarshe yana cire tsinke daga hula.

"Lissafinka daidai ne," ya ce. "Hankalinka ne ban samu abin auna shi ba. Za ka zauna a aikinka. Amma ka tada ajin ga da hannunka, kuma kada ka ƙara taɓa itacen gwamnati."

Na tada shi, iyayen yara na zaune a inuwa suna ba ni shawara.

Tun daga nan na koyi darasina: in abu bai kai kilo ba, allo ya ishe shi. In kuma wani ya yi shakkar ma'aunina, sai in matsa gefe in ce, "Bismilla, hau da kanka."