Yadda Ake Sakin Kuloci a Gaban Suruki

Ka bi matakan nan shida, na yi maka alkawarin cikin sati guda duk Diffa za ta san ka hau babur. Ni Muhsinu na gwada, har yau ana zancen.

1. Ka fara da ƙarya

Ranar neman aure, surukinka Baba Kyari zai tambayi sana'arka. Ka ce da can kabu-kabu kake yi, hana hawan babur da aka yi a Diffa ne ya zaunar da kai. Babu mai iya gwada ka. Ni dai na ci shekara da shekaru ina ba matata Halimatu Sa'adiya labarin gudun da na sha a hanyar Maine, alhali ko keke ban iya juyawa ba.

2. Ka yi murna idan an sassauta doka

Baba Kyari zai sayar da tattasai ya sayi sabon babur, ya aiko cewa daga Juma'a kai za ka riƙa kai shi gona bakin kogin Komadugu, tunda ga gwani a gida. Ka yi godiya da murya mai ƙarfi. Gudawar da za ta kama ka daga baya ba ta shafi kowa ba.

3. Ka nemi malami mai rufa asiri

Ka je wurin Kalli bakanike, ya kai ka bayan gari a tsohon babur ɗinsa. Zai ce hannun hagu na kuloci ne, wanda shi yake kira ambiriyaj, na dama kuma na totur. Hagu na saki a hankali, dama na murɗawa kaɗan, kamar mai tatsar akuya. Kada ka saurara. Ka saki gaba ɗaya, babur ya yi tari ya mutu. Sau talatin da ɗaya ya mutu mini ranar farko. Kalli ya ce bai taɓa ganin mutum ya gajiyar da inji yana wuri ɗaya ba.

4. Ka yarda ka iya

Ranar Alhamis za ka ja babur lafiya sau uku a jere, yashi bai kayar da kai ba. Daga nan ka fara gyara wa masu wucewa a babur zama. Kalli zai tuna maka cewa in ka tsaya kana cikin giya, ko gobara ake yi kada ka saki hagu. Ka ce masa ai wannan kowa ya sani.

5. Ka gaida babba yadda aka koya maka

Juma'a da hantsi ka karɓo babur a zaure, ka zagaya layin sau ɗaya, ka tsaya cak gaban tabarmar Baba Kyari da abokansa, giya ɗaya, kuloci a damƙe. Wallahi na ji daɗin kaina a lokacin. Sai tsoho ya miƙo hannu yana cewa wushe, sannun Barebari. To a garin nan wa ke ba suruki hannu ɗaya? Ka miƙa dama, hagu ta bi ta riƙe tsintsiyar hannu don ladabi. Babur zai yi tsalle guda, ya kifar da butar shayi, ya mutu, ya kwanta a ƙafarka ta dama da salansa, bututun hayaƙin nan mai zafi. Kada ka yi ihu, matarka na leƙe ta ƙofa.

6. Ka karɓi shaidarka

Baba Kyari zai ɗaga babur da kansa, ya duba fitila kafin ya duba ka. Ni na fara kame-kame cewa na Najeriya na saba hawa. Ya ɗage ƙafar wandona ya kalli ƙunar, ya ce tun ranar ɗaurin aure ya gan ni ina alwala, ƙwaurina sumul.

"Duk wanda ya yi kabu-kabu yana da tabon salansa, ɗana. Shekara tara ina jiran in ga naka. Ga shi ka samu."

Kunya ta fi ƙunar zafi. Halimatu Sa'adiya ta shafa mini man kaɗe, kafaɗunta na rawa don danne dariya.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka, ƙuna, karaya ko dariyar matarka, babu ruwana, kada ka zo gidana. Ko ka zo ma ba ka same ni. Kullum da safe ina hanyar gona, zaune a baya rungume da buhun taki, Baba Kyari na tuƙi yana gaida kowa da ka.